Yadda Na Kamo Kalangun Tanko da Jita

Jiya ma wani a cikinku ya zo ya tsaya mini a ka, yana nuna mini wani mutum a wayar hannu yana zuba yatsu a kan jita, wai in koya masa haka kafin bikin abokinsa, sati biyu masu zuwa. Na ce ya miƙo hannun da yake so in gyara. Ya miƙo na hagu. Dukanku hagu kuke kallo, don shi ke yawo a wuyan jita kowa yana gani. Sauri ba can yake ba, yana hannun dama, wanda ba ku kula da shi. Ku zauna in gaya muku yadda na same shi. Wanda ya ga ba zai iya ba, ga hanya nan.

Ni Lawal, mutumin Ƙofa ne ta ƙasar Kusada. Ubana manomi, kakana manomi, babu makaɗi a danginmu ko na magani. Shekara biyu ko uku bayan Turawa sun miƙa mulki, da aka gama girbi, Baba ya kai ni Kankia wurin wani mai gyaran keke a bakin tasha, in koyi sana'ar rani. Sajan Audu ake ce masa. Tsohon soja ne, ya daɗe cikin masu badujala, makaɗan soja, a kudu, ya dawo gida da ɗingishi da akwatin ƙarfe da jita. Jitar tana rataye a rumfa cikin tsohon bargo, ba ya sauke ta sai bayan la'asar in aiki ya lafa. Ranar da na fara jin ta ina cikin yin faci, sai da gam ya bushe a hannuna ban liƙa ba.

Wata huɗu ina roƙonsa. Rannan ya ce, "Je wurin mahauta ka karɓo ƙahon saniya."

Aikin farko ke nan, kuma babu jita a cikinsa. A gasa ƙahon a bakin wuta har ya yi laushi, a tsaga shi, a danne da dutse ya kwana ya miƙe. Sannan a yanko ɗan guntu kamar girman farcen babban yatsa, a goge da magagari, a ƙarasa da ganyen ɓaure mai kaushi har bakinsa ya yi santsi. Da shi ake kaɗa waya. Ku yanzu na roba kuke saya a kanti, ku yar ku sayi wani. Ni sai da na sassaƙa goma sha ɗaya kafin ya karɓi guda. In ya yi siriri sai ya lanƙwashe, waya ta riga shi dawowa. In ya yi kauri sai ya riƙa sarƙewa. Sajan yakan ɗauka ya ɗan ciza, ya jefar cikin kwata ya ce, "Wani."

Da ya karɓa sai ya ɗora mini jitar a cinya, ya saka ɗan ƙahon tsakanin babban yatsana da gefen manuni, ya tura shi ciki har abin da ya leƙo bai wuce ƙwayar dawa ba. Ya cusa mini kwalin ashana a hammata.

"In kwalin nan ya faɗi, da kafaɗa ka kaɗa. In gwiwar hannunka ta motsa, da dantse ka kaɗa. Ni wuyan hannu nake so. Waya ɗaya. Ƙasa, sama. Ƙasa, sama."

"Baba Sajan, hagun fa?"

"Sa shi aljihu."

Bayan rumfarmu akwai wani gida da mata biyu ke dakan fura kullum bayan azahar, wannan ta sauke taɓarya wannan ta ɗaga. Su ne ma'aunina. Taɓarya ta farko ƙasa, ta biyu sama. In suka tsaya tankaɗe, ni ma in huta. Wata uku ina wannan a kan waya ɗaya, direbobi suna wucewa suna tambaya ko jitar ce ta lalace. Sai a wata na huɗu ya ce in riƙa sa bugu biyu a kowace taɓarya, ya kuma yarda hagu ya fito daga aljihu.

A nan na yi abin da kowannenku zai yi. In Sajan ya tafi masallaci ko kasuwa, sai in yar da kwalin ashana, in riƙa sara waya ƙasa-ƙasa da dukan hannu. Haka ya fi sauri a farko, ya fi ƙara kuma. 'Yan tasha suka fara taruwa suna tafi. Wani direban babbar mota ya ce matarsa ta haihu, in je Rimaye ranar suna in yi wasa. Na gaya wa Sajan ina sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ba ka kai ba."

Na ce, "Sun ce na iya."

"Su wa? Masu lodi? Ɗauka ka tafi. Jita ba ta jin kunya, kai ne za ka ji."

Wasan Rimaye da hantsi aka fara shi, a ƙofar gida ƙarƙashin tsamiya. Na ishe an riga an kira makaɗi, wani ƙaton mutum mai kalangu, Tanko, wanda ke yi wa mahautan Kankia kiɗa ranar kasuwa. Ya girme ni da kusan shekara goma. Ya dubi abin da ke hannuna sama da ƙasa.

"Mi ne ne wanga? Molon Nasara? To ɗan samari, kai za ka bi ni ko ni zan jira ka?"

Na ce, "Ka kaɗa kawai."

Ya fara a hankali, na bi shi, 'yan mata suka shigo fili. Ya ɗan ƙara, na bi. Ya sake ƙarawa. Duk wanda ya san kalangu ya san ba ya gudu a miƙe, yana yi yana tsalle yana yanke. Kafin a zagaya fili sau uku dantsena ya ƙage kamar an ɗaure shi da igiya. Na cije haƙora na ƙara ƙarfi, ƙarfin kuwa shi ya ƙarasa ni. Ɗan ƙahon ya kuɓuce ya faɗa cikin ramin jitar. Na kife ta a kaina ina girgizawa a gaban mutane don ya fito, ya ƙi. Tanko bai tsaya ba. Ya matse kalangu a hammata ya sa shi magana, kowa a wurin ya ji abin da yake cewa: ɗan Ƙofa, koma gona. 'Yan matan suka karɓe shi waƙa. Da ita aka raka ni har bakin hanya.

Da na dawo rumfa Sajan yana ɗaure ƙafar keke. Bai tambaye ni komai ba, labari ya riga ni zuwa a motar direban. Ya miƙo mini kwalin ashana ya ce, "Waya ɗaya."

Shekara ɗaya da rabi na yi daga nan, kuma abin da na koya a cikinta shi ne duk sana'ar. Sauri ba ƙarfi ba ne, rage tafiya ne. Ɗan ƙaho ya wuce waya da kaɗan ya juyo, kada ya yi nisa. Duk bugun da ya sauka, na bayansa ya hau, ko da ka canza waya, ko da ranka bai so ba. Tsallaka daga waya zuwa waya shi ne wurin da kowa ke faɗuwa, don haka na yi wata biyu a kan wayoyi biyu kaɗai. In na ji na cije haƙora ko na ɗauke numfashi, in tsaya, don hannu ma ya cije ke nan. In na yi kuskure sau uku a wuri guda, in koma saurin jiya. Da daka ya yi mini sanyi sai na koma bin keken telan da ke rumfar kusa da mu. Da na wuce tela sai aka kawo injin niƙa bayan tasha, na riƙa sa bugu huɗu a kowane tuk ɗinsa. Waya in ta tsinke babu inda ake sayar da ita sai Kano, sai mu warware wayar birkin keke mu ciro sili ɗaya mu ɗaura. Tana yanka yatsa, amma tana magana.

Baba ya ji labarin Rimaye, da damina ta faɗi na koma gida noma ya tare ni a gona.

"Na kai ka gyaran keke, ka dawo mini maroƙi?"

"Ba na roƙon kowa, Baba. Kaɗawa nake."

"Kaɗawar ma an ce ba ka iya ba."

Na ce, "Shi ya sa ban bari ba."

Ya ci gaba da noma, ni ma na ci gaba. Kunyar da nake nomewa ba ta taɓa zama baya da tasa ba, don haka bai sami abin kamawa ba.

Wata ranar kasuwa na ɗauki jita na nufi rumfar mahauta, ba wanda ya gayyace ni. Tanko yana tsaye yana kiɗa ana sara nama. Na jawo turmin da ake sara a kai na zauna kusa da shi. Na sassaƙa ƙaho mai ɗan kauri musamman, na kuma koma kaɗawa can ƙasa kusa da inda wayoyi ke ɗaure, don a nan sauti ke fita da kaifi ya ratsa kalangu.

Ya ce, "A'a, ɗan Ƙofa! An gama noman?"

"An gama. Ka kaɗa."

Wannan karon bai yi mini sannu ba, da gudu ya fara. Na shiga. Ya yanke, na yanke tare da shi. Ya yi tsalle, na ishe shi a inda ya sauka. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe. Hannuna yana tafiya kamar ba nawa ba, kafaɗa a sake, ina ma iya kallon mutane. Ya ƙure iyakar saurinsa ya zauna a kai, gumi yana bin gemunsa, ni kuma na ninka bugu a kan nasa. Shi ya fara tsayawa. Ya share fuska da hula ya daɗe yana duban hannuna.

"Jibi akwai biki a Kusada," in ji shi. "Ka zo da molon naka."

Tun daga ranar tare muke yawo, ina ce masa Yaya Tanko. Masu kiranmu iri-iri ne. Direbobi sauri kawai suke so, in ba su ga ƙura ta tashi a fili ba ba a yi wasa ba. Malaman makaranta da akawuna, in za a yi wa wani sallama, irin kiɗan kudu da suke ji a rediyo suke nema, mai taushi, su riƙa rangaji da kwat. Samarin Fulani ranar kasuwa sukan kewaye ni su ce in yi musu kukan sarewa, in na kuskure su yi dariya su busa mini daidai. A bikin mata kuwa bayan zana ake zaunar da mu, ba ma ganin masu rawa, da ƙarar ƙafa muke gane ko kiɗa ya shiga. Daga baya na sami lasifika da batirin mota, muna ɗora su a keke. Sajan Audu bai ga wannan ba, ciwon ƙirji ya ɗauke shi kafin nan. Da ya ga jikin ya ƙi, ya sa aka kira ni ya ba ni jitar da bargonta, ya ce kada in mayar da ita kayan ado.

Sai shekarar farin nan ta zo. Ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke, gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Shanun Fulani suka riƙa faɗuwa a bakin hanya tsakanin Kankia da Kusada. Ban taɓa ganin ƙaho da yawa haka ba, ko'ina a yashe, kuma babu wanda zan kaɗa wa. Biki ya tsaya, suna sai a raɗa a watse. Dattawan gari suka ce a dakatar da kiɗa har Allah ya kawo sauƙi, wasu ma suna nuna mu da baki, wai irinmu ne suka hana ruwa. Ban yi musu da kowa ba. Na cusa tsumma ƙarƙashin wayoyi yadda ba za su yi ƙara ba, kullum da safe in shiga ɗaki in yi ƙasa da sama, don hannu in ya kwana uku bai yi ba sai ya fara mantuwa.

Gyaran keke ma ya mutu, wa ke da abin gyara? Lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu. Wani kamfani yana gyaran babbar hanya, na shiga lebura. Muna sauke gangunan kwalta daga mota, ni a ƙasa, biyu a sama, ganga ɗaya ta kuɓuce musu. Na janye jiki amma ban janye hannu ba. Ta danne mini hannun dama a kan dutse. A asibiti suka ce manuni ba zai gyaru ba, suka cire shi, saura ɗan dungu.

Masu zuwa dubiya kowa da abin da yake faɗa. Wani kawuna ya ce, "Allah ya raba ka da shashanci ke nan, ka gode masa." Tanko ya zo ya zauna bakin tabarma.

"In ka warke zan koya maka kalangu," ya ce. "Sandar kiɗa ba ta buƙatar wanga yatsa."

"Ni mai jita ne, Yaya Tanko."

"Da mi za ka riƙe ƙahon?"

"Saura huɗu."

Ranar da aka kwance ƙyalle na gwada riƙe ɗan ƙaho da babban yatsa da na tsakiya. Bugu uku ya faɗi. Na ɗauka, ya sake faɗuwa. Yatsan tsakiya dogo ne, yana karkatar da ƙaho, wuyan hannu kuma sai ya sake kwanciya dabam. Duk abin da na tara shekara goma ya zama ba nawa ba. Na sassaƙa sabon ƙaho mai tsawo, na huda tsakiyarsa da ƙusa mai zafi don naman yatsa ya shiga ramin, na shafa ƙaro don kada ya zame. Na koma waya ɗaya, ina da shekara talatin da wani abu. A shekarar ko daka ba a ji a gari, babu abin dakawa, da ƙafata na riƙa ƙirga. Dungun yana gogar waya yana fashewa, in ɗaure shi da zare in ci gaba. Ku da kuke cewa yatsa yana muku zafi bayan kwana biyu, ban san abin da zan ce muku ba.

Damina biyu suka wuce, ruwa ya dawo, kuɗin man fetur kuma ya fara shigowa har ƙauye. Kowa ya zama ɗan kwangila. Wani a Kusada ya gina gidan siminti mai rufin kwano, ya shirya walimar shiga, ya ɗauko masu kiɗa daga birni da jitocin lantarki da janareto. Tanko ya je ya yi magana aka ba mu wuri kafin su, bayan la'asar, lokacin da ake jera kujeru. Wasana na farko ke nan tun da na rasa yatsa. Mutanen Ƙofa da yawa sun zo, wasu don su ji, wasu don su gani.

Muna ɗaura lasifika Tanko ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Zan ja maka a hankali. Ba wanda zai gane."

"Ni zan gane. In ka rage ko kaɗan, zan bar ka kai kaɗai a fili."

Ya ce to, amma da ya fara na ji ya rage. Kiɗan direbobi ne da muka yi sau ɗari, na san saurinsa kamar numfashina. Na bi shi zagaye ɗaya, sannan na ɗauke hannu, na kwantar da jitar a cinya na naɗe hannuwa. Kalangu ya ci gaba shi kaɗai. Masu rawa suka tsaya suna dubanmu. Na ji wani a baya yana cewa, "Ai dama an ce hannun ya mutu." Mai gida ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Wani mai jitar birni yana jingine da motarsu yana murmushi.

Tanko ya tsaya, idonsa ya yi ja.

"Kunyata ni za ka yi gaban mutane?"

"Kai ka fara."

"To ka mutu!"

Ya matse kalangu ya sake shi gaba ɗaya, saurin da ko da ina da yatsa biyar sai na shirya. Na shiga. Ba zan yi muku ƙarya ba, sau biyu na faɗi. Na farko wurin tsallaka waya, ƙaho ya sarƙe, na bar bugu huɗu suka wuce na kamo shi a na biyar. Na biyu zaren dungu ya warware, jini ya sa ƙaho santsi, na juya shi cikin yatsa ina cikin kiɗa har ramin ya koma wurinsa. Daga nan ban sake faɗuwa ba. Fili ya cika, har masu jera kujeru suka ajiye suka shiga. Tanko bai dube ni ba ko sau ɗaya, ni ma ban dube shi ba, har ya kai ƙarshe ya yanke, muka tsaya a bugu guda.

Mai jitar birni ya tako ya ce in nuna masa abin da nake kaɗawa da shi. Na ba shi. Ya juya shi, ya ga ramin, ya ga jinin, ya dubi hannuna, ya mayar mini da hannu biyu.

Muna kwance kaya Tanko yana goge kalangu, bai ɗago ba ya ce, "Da yatsa biyar ka fi tsabta."

"Na sani."

"Wurin tsallaken nan kana makara."

"Na sani. Ba ni wata uku."

"Biyu," in ji shi.

Shekara ashirin da 'yan kai muka ƙara tare bayan wannan, daga Kankia har ƙauyukan da mota ba ta shiga. Mun yi faɗa a kan abubuwa da yawa, ya yi fushi ya tafi ya dawo. Amma bai sake rage mini kiɗa ba ko sau ɗaya, har ranar da muka ɗauke shi muka kai shi makwancinsa.